Daka Ba Turmi

Shekara bakwai ina wuce ginin nan ban taɓa leƙa cikinsa ba. Gini ne na jan bulo a gefen wani filin shaƙatawa, tsakanin gidanmu a Morrisania, wata unguwa a yankin Bronx na birnin New York, da tashar da nake hawa jirgin ƙasa. Kullum sai in ga samari suna shiga da ƙwallon kwando a hammata, na ɗauka wurinsu ne su kaɗai. Na san na hukumar birni ne, don akwai tambarinta a ƙofa, kuma na ji yaranmu suna kiransa senta. Amma ban taɓa kawo wa raina cewa mace kamata, mai shekara arba'in da shida da doguwar riga har idon sawu, tana da abin yi a ciki ba.

Aikina a lokacin kula da tsofaffi ne a gidajensu. In yi musu wanka, in dafa musu abinci, in tuna musu shan magani, sauran yinin kuma in zauna kusa da su. A Kano inda na tashi, ba wanda ya taɓa ce mini in motsa jiki. Kafin in tafi makaranta na yi daka, na ja ruwa a rijiya, na share tsakar gida, makarantar ma da ƙafa ake zuwa. A nan kuwa daga kujerar bas sai ta jirgi, daga ta jirgi sai ta gidan aiki. In sanyi ya shigo, wata huɗu ko biyar ba mai fita sai dole. Cin abincina bai canja ba, sai ma lemon kwalba da ya ƙaru. Jiki ya yi nauyi, gwiwa ta fara ƙara. Gidanmu a hawa na huɗu yake, ba lif, a kowane hawa sai na tsaya na buɗe jaka kamar mai neman makulli, don kada maƙwabta su gane numfashi nake mayarwa.

Da na je asibiti likita ta ce jinina ya hau, sikari kuma yana bakin ƙofa. Ta rubuta mini magani, ta ce in rage gishiri, in riƙa motsa jiki. Na ce mata to. Irin to ɗin nan da ake cewa don a rabu lafiya.

A cikin wannan hali aka tura ni gidan wata tsohuwa, baƙar fata 'yar ƙasar, wadda aka haifa a kudu ta zo New York tun tana budurwa. Ta yi shekaru tana girki a makarantar gwamnati kafin shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da ita a kujera mai taya. Mama nake kiranta, ita kuma ta ce mini 'yata. Ranar da na fara aiki ta nuna mini wata takarda manne a jikin firji.

"Talata da Alhamis, ƙarfe goma, muna da aji a senta," in ji ta. "Ko dusar ƙanƙara ake yi sai mun je. Wadda ta riƙe ni kafin ke ta cika ƙorafi, shi ya sa muka rabu."

Haka na shiga ginin, ina tura kujerar wata. Muka wuce filin ƙwallon, muka wuce wani ɗaki cike da na'urorin tafiya da kekuna marasa zuwa ko'ina, muka shiga ɗaki mai madubi bango guda. Tsofaffi ne a zaune a kan kujeru, wasu da sanduna a gefe. Malamarsu wata gajeruwa ce 'yar asalin Puerto Rico, kanta duk furfura, amma in ta taka ƙasa kamar ba ta da nauyi. Na gyara wa Mama zama, na koma benci na rungume jakarta da tawa.

Malamar ta dube ni ta cikin madubi.

"A ajina ba a kallo," ta ce. "Ko ki tashi ki yi, ko ki jira a waje."

Na ce mata ni aiki na zo. Ta ce ta sani, ita ma aiki ta zo. Mama ta juyo da ɓarin fuskarta mai motsi tana dariya, ta ce, "Tashi, 'yata. Ba mai sace jakar."

Na tashi, da abaya da mayafi da takalmin aiki. Aka ce a ɗaga hannu sama a sauke sau goma. Wata tsohuwa kusa da ni, wadda a shekaru ta isa ta haife ni, ta yi goma cif tana hira. Ni a na bakwai kafaɗata ta ɗauki zafi. Na ji kunya, amma da muka fito na lura wuyana da ya daɗe a sanƙare yana juyawa. Ranar Alhamis ban jira an ce in tashi ba.

Sannu a hankali na san wurin. Na gane ajin tsofaffin kyauta ne, da wasu azuzuwan da yawa, sunanka kawai za ka rubuta. Akwai wurin ninƙaya a ƙasa, akwai ɗakin da yara ke zuwa bayan makaranta. Wani lokaci nas takan zo ta kafa tebur a bakin ƙofa tana auna jinin duk mai so. Direbobin bas, masu gadi, mata masu goyo, mutanen da likita ya tsorata irina, duk nan suke haɗuwa. Na yi kati, na fara zuwa ni kaɗai ranar da ba ni da aiki, in hau na'urar tafiya in yi minti goma, daga baya ashirin. Kafin shekara ta zagayo na daina neman makulli a matakala, likita kuma ta rage mini ƙwaya ɗaya.

Abin da ya dame ni shi ne, duk zuwan da nake ban taɓa haɗuwa da mace ɗaya daga cikin matanmu ba. Alhali unguwar cike take da mu, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Gana. In an haɗu a suna ko a ta'aziyya, hirar ba ta wuce gwiwa da baya da hawan jini, kowa na faɗin maganin da aka aiko mata daga gida. Na fara yi musu tallar senta. Wata ta ce maza na wucewa suna kallo ta gilashi. Wata ta ce kiɗan da ake sawa ba na mutunci ba ne. Wata ta ce ba ta jin abin da malamar ke faɗi.

Wadda na fi so ta zo ita ce maƙwabciyata ta hawa na biyu, Hajiya, 'yar Kumasi, mai sayar da atamfa da turare a falonta. Ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar, ita ta karɓe ni lokacin da na zo ƙasar ban san kowa ba, kuma in ta yi magana matan unguwa suna ji. Hausarta ta Zango ce, ba ta raba mace da namiji, kowa kai ne a bakinta.

"Kai ka je ka yi tsallenka," ta ce mini tana ninke atamfa. "Ni da jikoki shida zan je in ɗaga ƙafa a gaban madubi? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

"Hajiya, akwai waɗanda suka girme ki a can."

"Su ba su da aikin yi."

Na kai kukana wurin malama bayan an tashi aji. Ta saurare ni tana naɗe igiyoyin roba da ake ja. Sai ta ce hukuma tana koyar da 'yan unguwa masu sa kai yadda za su jagoranci aji, in mutum ya gama a ba shi ɗaki da lokaci. Ita ma ta nan ta fara bayan ta yi ritaya.

"Ba za su zo don ni ba," ta ce. "Amma za su zo don ke. Je ki cike fom."

Na kwana biyu ina juya maganar kafin in gaya wa maigidana. Shi direban tasi ne, mutum mai raha. Yana cin tuwo na faɗa masa, ya ajiye cokali ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Ke ce za ki koyar da motsa jiki?"

"Ni ce, Malam."

"To, Allah ya ba da sa'a. In kin zama malama ki duba mini bayan nan nawa, ya kusa zama baka."

Kwas ɗin ya ɗauki makonni, kowace Asabar, a wata senta can cikin Manhattan. Ni kaɗai ce mai mayafi, kuma ina cikin waɗanda suka fi shekaru. Turancina na aiki ne da kasuwa, sai ga ni da sunayen tsoka da jijiya. Na sayi ƙaramin littafi, kowace kalma in rubuta ta, a gabanta in rubuta inda take a jikina da Hausa: dantse, ƙwauri, cinya, gadon baya. A jirgi nake haddacewa. An koya mana yadda ake fara aji a hankali a gama a hankali, yadda ake gane wanda ya galabaita tun kafin ya faɗi, yadda ake danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya. Mama ce ɗalibata ta farko. Bayan ta ci abincin rana sai in tsaya a gabanta in jagorance ta, ita kuma ba ta raga mini.

"Muryarki ta yi ƙasa. Wa kike jin tsoro? Ni na ciyar da yara ɗari-ɗari da murya kawai."

Ranar jarrabawa aka ba kowa minti goma ya jagoranci sauran. Da layi ya zo kaina, lissafin Turanci ya gudu daga kaina. Na ji kaina ina cewa ɗaya, biyu, uku, huɗu, ina tafi da hannu. Mutanen ba su tsaya ba, suka bi tafin. Da na dawo hayyacina na koma Turanci na ƙarasa. Mai jarrabawar ya tambaye ni wane yare ne wannan, na gaya masa. Ya ce in dai da shi ɗalibaina za su ji, kada in bar shi.

Da satifiket a hannu na je wurin shugaban sentarmu, wani dogon mutum mai yawan sauri. Na ce ina son ɗaki ranar Asabar da safe, wanda ba a hango cikinsa. Ya ce mini ƙofar hukuma a buɗe take ga kowa, kada in kori mace don ba yarenmu ɗaya ba ko addininmu. Na ce ban da niyya. Ya kai ni wani ɗaki a sama inda ake koyar da ɗinki da zane ranakun mako, tagoginsa suna da labule, ƙofarsa ta katako. Ya ce in gwada na wata uku, in mutane suna zuwa ya zama nawa.

Na bi gida-gida, na sanar a masallaci bayan karatun mata, na aika saƙo ta waya. Mata fiye da ashirin suka ce in sha Allahu. Ranar Asabar ta farko na zo tun kafin a buɗe, na ture teburan ɗinki gefe, na jera kujeru. Mutum biyu suka zo: wata 'yar Maraɗi mai kitso, matashiya mai 'ya'ya uku, da wata nas 'yar Zariya da ta taso daga aiki ko gida ba ta je ba. Ina tsaye ina duban kujerun da ba kowa sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mama ce, ɗanta ya turo ta, ta sha hular zuwa coci. Ba ranar aikina ba ce, ban kuma gaya mata ta zo ba.

"Kai tsaya a waje," ta ce wa ɗan, mutum mai furfura a gemu. "Nan na mata ne." Ta dube ni. "To, malama, muna jira."

Da su uku na fara.

Tun a makonnin farko na gane in na kira motsi da sunan da aka koya mini, sai an tsaya kallona. Sai na sake musu suna. Na ce a buɗe ƙafa a ɗan durƙusa, a ɗaga hannu biyu a sauke da ƙarfi: daka. A miƙa hannu sama a jawo, dama da hagu: jan guga. A juya ƙugu hannuwa a gaba: tankaɗe. A sunkuya baya a miƙe a taka gefe: shara. Ba wadda ta buƙaci bayani, jikinsu ya riga ya sani. Ba mu sa kiɗa ba, tafi muke yi, wani lokaci 'yar Maraɗi ta ja waƙar daka ta garinsu mu amsa. Nas ɗin ta ce rabonta da taɓarya shekara ashirin, ga ta tana daka ba turmi a birnin New York. Labari ya bazu. Kafin wata ukun ya cika mun fi ƙarfin kujerun ɗakin. Wasu mata biyu masu jin Sifaniyanci suka leƙo suka zauna, ba a daɗe ba su ma suna ƙirga ɗaya, biyu, uku. Da azumi ya zo muka mayar da ajin miƙe jiki kawai a zaune, ba wadda ta fasa zuwa.

Hajiya ba ta zo ba. In mun haɗu a matakala sai ta ce, "Malamin tsalle, ina kwana?" in ce lafiya lau. Na daina yi mata magana a kai.

Wata ranar Juma'a da la'asar na shiga wurinta karɓar turare, na same ta tana salla a kan kujera. Na san ta jima tana haka, amma ban taɓa tsayawa na gani ba. Da ta sallame ta daɗe tana duban dardumar da ke shimfiɗe a gabanta.

"Shekara biyu goshina bai taɓa ƙasa ba," ta ce, ba ta dube ni ba. "In na durƙusa ba na iya tashi. Abin nan naku, yana gyara gwiwa?"

Na ce mata ban yi alkawari ba, ni ba likita ba ce. Ta fara tambayar likitanta, in ya yarda ta zo mu gwada. Ta ce ya daɗe da yarda, ita ce ba ta yarda ba.

Washegari ta zo, da babban mayafi da carbi, ta zauna can baya kusa da ƙofa. Ban nuna na gan ta ba. Daga baya na ba ta abu ɗaya kawai: ta tashi daga kujera ta zauna, ba tare da ta dafa ba. Ranar farko sau biyu ta iya. Ta yi ta mita, ta ce na raina ta, ta ce ɗakin da zafi, amma Asabar ta gaba ta riga ni zuwa. Da yake ta zo, sai ga ƙawayenta manyan mata su ma sun biyo, waɗanda na yi shekara ina roƙo. Daga tashi da zama muka koma dafa bango a durƙusa kaɗan. Daga nan ta fara sa gwiwa ɗaya a kan katifar roba tana riƙe da kujera. Sanyi ya wuce, zafi ya zo ya wuce.

Wata Asabar bayan an tashi, mata suna ɗaura mayafai, Hajiya ta ce in tsaya. Ta jawo katifar ta juya ta gabas. Ta durƙusa a hankali, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar. Ta dafa tafin hannu, ta kai goshinta ƙasa. Ta jima a haka har na fara matsowa, sai ta ɗago, ta kafa ƙafa, ta miƙe da kanta ba ta kama komai ba. Fuskarta jiƙe take. Ta gyara mayafi ta dube ni.

"Kai, ka iya aikinka," ta ce. Ta ɗauki jakarta ta fita.

An ba ni satifiket, shugaban senta ya taɓa yaba mini a gaban ma'aikatansa, amma ba abin da ya kai mini wannan. Na zauna a kan teburin ɗinki na daɗe kafin in iya mayar da kujeru.

Shekara biyar na riƙe ajin. A cikinsu Mama ta rasu, matan ajinmu da yawa suka raka ni gaisuwa wurin ɗanta, ya rasa inda zai zaunar da mu. Daga baya maigidana ya bar tasi ya sami aiki a filin jirgin sama, muka koma unguwar Jamaica a yankin Queens. Daga can zuwa Bronx tafiya ce ta jirgi biyu, na ga ba zan iya kowane mako ba. Tun kafin mu tashi na sa 'yar Maraɗi ta cike fom, na ba ta ɗan littafina, ta yi kwas ta gama.

Bayan wata huɗu da ƙaura na shirya na je ba tare da na sanar ba. An mayar da ajin babban ɗaki na ƙasa, an sa wa madubin da ƙofar labule. Rabin matan ban san su ba. Na lallaɓa na tsaya a layin baya, kusa da wata da ta matsa mini wuri ta ce in bi a hankali tunda yau na fara. Na ce to, na gode. 'Yar Maraɗi tana gaba, muryarta har bakin ƙofa. Aka zo shara, na sunkuya tare da kowa. Ta bi layi tana duba mutane ɗaya bayan ɗaya har ta iso kaina, ta ɗora tafin hannunta a tsakiyar bayana.

"Malama, sannu da zuwa," ta ce a hankali. "Miƙe bayanki, kin lanƙwasa."

Na miƙe shi, muka ci gaba.